Mai Shara da Injin Cikin Bango

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah ana ce masa Tanimu. Sana'arsa shara. Shekara goma sha tara yana share gidan wani attajiri, Alhaji Sidi, da ita yake ci da iyalinsa.

To, Alhaji ya fara gina sabon gida. Mahaifiyarsa, Hajiya Yalwa, tana fama da asma, tsintsiya na taɓa kafet sai numfashinta ya sarƙe. Aka kawo masa shawarar injin zuƙe ƙura iri biyu. Ɗaya ƙarami ne, ana jan sa ɗaki ɗaki, dole a ajiye mai yi masa hidima. Ɗayan kuwa bututu ake binnewa cikin bango tun kafin a yi filasta, injin na can gareji, kowa a gidan zai iya jona tiyo ya share ɗakinsa.

Alhaji ya kira shi ya ce, "Tanimu, ni ban san shara ba, kai ka santa. Je gidan abokina ka ga na bangon yana aiki. Abin da ka ce, shi za a sa."

Ku saurara da kyau. An ba mutum wuƙa da nama a kan abincinsa.

Tanimu ya je, ya gani. Ya tsaya inda hasken rana ke shigowa ta taga, aka kunna injin, ko ƙwayar ƙura bai ga ta tashi ba. Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Kande, sai ta ce, "Malam, in an sa wannan, me za ka yi a gidan? Ka ce yana da yawan lalacewa mana. Wa zai sani?"

Kada ku zarge ta, jama'a. 'Ya'ya biyar ne a gabanta.

Ya ce, "Kande, ni nake tsayawa da tsintsiya a hannu ina jiran tsohuwar nan ta gama tari. Ba zan iya ba."

Washegari ya samu Alhaji a wurin ginin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na bangon za a sa. Ƙaramin yana mayar da ƙura ta bayansa, Hajiya za ta sha wuya." Sannan ya ɗauki gawayi ya bi bango yana yin alama: nan bayan ƙofa, nan ƙarƙashin matakala, nan ɗakin Hajiya. Duk inda ya san datti na taruwa, ya nuna a sa bakin bututu.

Alhaji ya dube shi ya ce, "Ka san abin da wannan ke nufi a gare ka?"

Ya ce, "Na sani. Arziki na Allah ne."

Na san kuna jira in ce an ba shi gida da mota. A'a. An sa injin, aikinsa ya koma sharar tsakar gida sau biyu a mako. Ya koma sayar da itace, ya sha wahala sosai kafin sana'ar ta karɓe shi. Amma Hajiya Yalwa ta yi sauran shekarunta tana numfashi lafiya, kuma Tanimu bai taɓa jin kunyar gaishe ta ba.

Shawara amana ce, 'yan'uwa. Gaskiyar da ba ta taɓa aljihunka ba, kowa na iya faɗin ta. Kai makaniki, kai tela, ke mai sayar da magani, gobe wani zai zauna gabanka ya ce, "Wanne ya fi?" Bai sani ba, kai ka sani. A wannan lokacin ne ake auna ka. Allah Ya ba mu ikon faɗin ta.