Butar Jatau a Tsakiyar Teku

An yi wani mutum a zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa, wani bawan Allah mai haƙar rijiya, ana ce masa Jatau. Ya bi ayarin wani madugu, Sallau, har suka kai bakin teku suka shiga jirgin da iska ke turawa.

Ku saurara, jama'a. Mutanen nan 'yan tudu ne, ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Tsoro ya sa suka cure a tsakiyar jirgi, suka juya wa ruwan baya.

Kwana uku da tashi, iska ta tsaya cak. Jirgi ya tsaya, ruwan sha ya fara ja baya. Mai jirgi ya ce kowa ludayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, wanda kuma aka kama ya saci ruwa, za a sauke shi a tsibirin farko da aka tarar, inda ba inuwa ba rijiya. Aka ba Jatau tsaron salkunan ruwan sha, tunda ruwa sana'arsa ce.

To, Madugu Sallau mutum ne mai sa ido. Ya lura kowa taimama yake yi da dutse, don sun ɗauka ruwan gishiri ba ya alwala. Amma in lokacin salla ya yi, sai Jatau ya sulale bayan kaya, can ƙarshen jirgi. In ya dawo, gemu a jiƙe, ido ja, buta cike.

Sallau ya raɗa wa na kusa da shi, "Kai, dubi gemun mutumin nan. Mu leɓe na tsagewa, shi yana wanka!"

Magana ta zaga. Aka daina amsa sallamar Jatau. In yana raba ruwa, ido ashirin na kan hannunsa. Ba wanda ya tambaye shi. Ku riƙe wannan: ba wanda ya tambaye shi.

Ran na shida da azahar, Sallau ya tare shi a gaban mai jirgi, ya fizge butar.

"Malam Jatau, wannan fa? Daga sama ya zubo maka?"

"Madugu, kada ka sha."

"Au, kai kaɗai ke da maƙogwaro?"

Ya kafa kai ya kurɓa. Nan take ya furzar, yana tari, ido na hawaye. Gishiri ne zalla.

Jatau ya jira tarin ya lafa, sannan ya zaro ɗan guga da igiya daga cikin rigarsa. Ya ce, "Da wannan nake ɗiba daga teku in yi alwala. Malaminmu ya ce ruwansa mai tsarki ne."

Sallau ya ce, "To, me ya sa kake ɓuya?"

Jatau ya sunkuyar da kai. "Kuka nake yi, Madugu, ina jin kunya a gani. Shekara talatin ina haƙa. In na cimma ruwa, sai in ji duk garin babu kamar ni. A nan na jefa guga na ɗiba, na nemi gurbin da na ɗiba, ban gani ba. Sai na ce, Jatau, wannan fa halitta ɗaya ce cikin halittunsa. Kai wane ne?"

Sallau ya ce, "Ka yafe mini. Kai ni in gani."

Suka je ƙarshen jirgi. Madugu ya dafa katako da hannu biyu, ya ɗaga ido ya dubi ruwan sosai a karon farko. Sai ya ce "Allahu Akbar" a hankali.

'Yan'uwa, darasin a fili yake. Wanda ya shagala da girman Ubangiji, kansa yake gani ƙarami. Wanda ya juya wa wannan girma baya, maƙwabcinsa yake gani ɓarawo. Saura kaɗan a bar bawan Allah a tsibiri saboda tambaya ɗaya da ba a yi ba. Kowannenmu akwai wanda yake zargi a zuci, a gida ko a kasuwa ko a sahun nan. Kafin ka kai maganarsa kunnen wani, je ka same shi, ka yi masa sallama, ka tambaye shi.

Allah ya tsare mu da mugun zato.