Kwalekwalen Kwaɗo da Tutar Zaki

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan bakin wuta.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Kwaɗo mai fito ne a kogin Kada. Da dogaran Kada suka ishe shi da tsangwama, sai ya roƙi Zaki, baƙo daga ƙetaren teku, ya ara masa tutarsa, ya ɗaura a kwalekwalensa.

Ran nan dogarai suka tare shi, wai ya ɗauko ɓarayi. Suka jefa tutar a taɓo, suka ɗaure shi, suka janye kwalekwalen.

Zaki ya aiko Dila. Kwaɗo na jin muryarsa ya ce a ransa, yau na tsira.

Dila ya ce wa Kada, "Ranka ya daɗe, an wulaƙanta tutar maigidana."

Kada ya ce, "Kogina ne, Kwaɗo kuma talakana ne. Amma ga shi nan, tafi da shi."

Dila ko kallon Kwaɗo bai yi ba. "Wa ya ce kwaɗo na zo nema? Ka wanke tutar da hannunka, ka durƙusa gaban jama'a."

Kada ya ce shi bai taɓa durƙusa wa baƙo ba.

Aka gwabza yaƙi tsakanin Zaki da Kada. Gidajen bakin gaɓa aka fara tattakewa, da 'ya'yan Kwaɗo a ciki.

Da manyan suka gaji, suka sasanta. Itacen girkin walima ya kasa, aka faskare kwalekwalen.

Aka kwance Kwaɗo, ya rarrafo ya ce, "Yallaɓai, ina kwalekwalena?"

Dila na sakace haƙori ya ce, "Tuta dai ta dawo fes. Sai ka je ka yi wa maigidana godiya."

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa toka.