Mai Tsaya wa Tabawa

Wai wani Kantoma ne ya sabunta dokar bankuna da gidajen ajiya, don ƙanana su mutu, kowa ya koma bankin surukinsa. Ya kira Tabawa, uwar adashin kasuwa, gaban jama'a.

"Ki kawo mai tsaya miki wanda ba a taɓa zarginsa da cin amana ba, ko a gulma. In babu, ki rufe."

Tabawa ta gyara mayafi. "Ai na samu, yallaɓai. Kai ne."

"Ni? Ba zai yiwu ba!"

"Subhanallahi! Ai wanda ake zargi ne kaɗai ba zai yiwu ba. Amanar wa aka ce ka ci?"

Kantoma ya dubi jama'a, ya sa hannu.

"Madalla," in ji Tabawa. "Jama'a, in kwabonku ya ɓata, kun dai san gidansa."