Ƙofar da Ta Ƙi Rufuwa a Tirelar Fulgencio

Akwai wani mutum a jihar Sonora mai suna Fulgencio Arvizu, mai soya churros, dogayen fanken nan masu sukari, a wuraren bukukuwan gari. Shi da matarsa Chayo ba su da gida na bulo. Gidansu wata ƙatuwar tirela ce, irin wadda wuyanta ke hawa bayan a-kori-kura ya zauna a kan farantin ƙarfe. Ɗakin kwanansu yana sama a kan wuyan, a ƙarƙashinsa kuma akwai wata babbar ma'ajiyar kaya. Duk garin da ayarin 'yan biki ya nufa, su ma suna cikin layi.

Fulgencio mutumin kirki ne, sai dai bakinsa bai iya cewa a'a ba.

Nabor, wan Chayo, mai lilon yara, shi ya fara zuwa.

"Suruki, ɗan janaretan nan nawa, ka taimaka ka ɗauka min. Ai ƙarami ne."

"Makullin ma'ajiya yana rataye a ƙusa," in ji Fulgencio, yana juya churros a cikin mai. "Saka da kanka."

Doña Tencha mai dafaffiyar masara ta zo da tukwanen gas ɗinta, ita ma aka nuna mata ƙusa. A hankali duk ayarin ya san inda makullin yake. Shi kuwa Fulgencio bai ƙara leƙa ma'ajiyar ba.

Wata rana ya lura bayan motarsa ya durƙusa, fitilun gaba suna haska saman bishiyoyi. Ya je wani shago aka sa masa jakunkunan iska a kan sifirin ɗin baya. Aka hura, mota ta miƙe tsaf. Ya dawo yana fito, a ransa magana ta ƙare.

Daga nan ne abubuwa suka rikice.

Ƙofar ɗakin kwana ta ƙi rufuwa. In an ɗaura tirela a mota, ko da kafaɗa ka tura ba za ta shiga ba. In an kwance ta a filin biki aka sauke ƙafafunta, sai ta rufu lafiya lau. Ga kuma wata 'yar tsaga a bango kusa da taga, yau a buɗe, gobe a rufe.

"Tsoho," in ji Chayo, don haka take kiransa, "Ba'amurken da ya sayar mana da tirelar nan, ba a cikinta matarsa ta rasu ba?"

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya min. Amma ƙofa ba ta ƙin rufuwa haka kawai."

Ta samo ruwan coci ta yayyafa a kowane lungu. Ƙofa ba ta canza ba.

Nabor ya ce ƙasar ce ba ta daidaita ba, a sa katako a ƙarƙashin taya. Aka sa. Tencha ta ce zafin Sonora ne ke kumbura katako, a jira sanyi. Wani ya ce tayoyi ne, Fulgencio ya canza tayoyi. Wani ya ce iska ce ta yi kaɗan a jakunkunan, ya ƙara har motar ta koma tsalle kamar jaki a kan kowane tudun rage gudu. Duk shawarar da ya bi, sai ya ji wani sabon ƙara da bai taɓa ji ba.

Har ya kai yana tsayawa a gaban ƙofar, ya buɗe, ya tura, ya sosa kai.

"To ke me kike so ne?" ya tambaye ta wata safiya. Chayo ta kalle shi ta yi alamar gicciye a ƙirji.

Da lokacin bikin garin Magdalena ya zo, wanda shi ne kasuwar da ke riƙe su har ƙarshen shekara, ayari ya kama hanya. Suna gangarowa daga wani tudu sai suka ji ƙas! daga baya, kamar an karya busasshen reshe.

Chayo ta leƙa madubi. Goshin tirelar yana sunkuyowa yana ɗagowa a bayansu.

"Tsaya."

"Mun kusa, Chayo. Dutse ne ya bugi ƙasan..."

"Fulgencio, gidana yana gyaɗa min kai. Tsaya!"

Ya gangara gefen titi a hankali. Da suka fito, bangon ɗakin kwana ya rabu da wuyan tirelar har hannun mutum zai shige. Fulgencio ya durƙusa ya leƙa. Ƙarfen da ke riƙe da wuyan ya tsage, saura ɗan siriri ne ya hana gidan gaba ɗaya ruftowa kan motar da suke zaune a ciki.

Ayari ya tsaya a bayansu, aka taru. Nabor ya ce ramukan titi ne. Wani ya ce ƙarfen zamani ne ba shi da ƙwari. Tencha ta ce ita dama ba ta yarda da maganar zafi sosai ba. Fulgencio yana juyawa daga wannan baki zuwa wancan, bai gane komai ba.

Chayo ta bar su suna ta gardama. Ta je ta buɗe ma'ajiya don ta ceto wani babban kaskon suya da suka daɗe da ajiyewa a ciki kafin komai ya rushe. Ba ta ga kasko ba. Kaya ne cunkushe har sama.

"Kowa ya zo ya ɗauki nasa," ta ce.

Aka sauke ƙafafun tirela aka fara fitarwa. Janaretan Nabor ya fito, sai wani janaretan ya biyo shi. Tukwanen gas. Sandunan rumfa. Batiran mota. Buhunan masara. Injin lilo da ya lalace tun bara. Sarƙoƙi. Har da wani dokin ƙarfe na lilo marar kai, wanda babu wanda ya yarda nasa ne.

Aka jera su a bakin titi, layin ya fi tirelar tsawo.

"Ni na ɗauka nawa ne kaɗai a ciki," in ji Tencha a hankali.

"Ni ma," in ji Nabor. Ya cire hularsa. "Suruki, me ya sa ba ka gaya mana ba?"

"Gaya muku me? Kowa ya ce nasa ƙarami ne." Ya dubi dokin marar kai. "Wannan kuma yaushe ya shiga?"

Mai waldar da suka kira daga garin Ímuris ya ɗaure wuyan da ƙarfe, aka ja tirelar a hankali zuwa garejinsa. Ya ce jakunkunan iska ba su da laifi, suna ɗaga bayan mota, amma ba sa rage wa ƙarfe nauyin da ke kansa. Sun ɓoye masa durƙuson da ya kamata ya tsorata shi ne kawai. Ya ce in an gama gyara, su riƙa hawa sikelin manyan motoci kafin kowace doguwar tafiya.

Gyaran ya ɗauki lokaci, amma ba su rasa bikin ba. Nabor ya kwashe kaskon da buhunan fulawa a motarsa. Tencha ta raba rumfarta biyu, masara a gefe, churros a gefe, ta kuma bar musu gadonta ta koma wurin 'yar'uwarta. Waɗanda suka cika ma'ajiyar su suka haɗu suka ɗauki nauyin waldar.

Ranar da suka je karɓar tirelar, Fulgencio ya tsaya yana kallon sabon ƙarfen da aka ɗinke wuyan da shi.

"Chayo, har yanzu kaina a ɗaure yake. Ba wanda ya cuce ni, kowa ya tambaya. To da wa zan yi fushi?"

Ta miƙa masa kofin kofi.

"Da bakinka, Tsoho. Sha kafin ya huce."

Darasi: Taimako abu ne mai kyau, amma ka san iya nauyin da kai da abin hannunka za ku iya ɗauka, kuma ka faɗa wa mutane gaskiya tun kafin wani abu ya karye. In ka ga alamar matsala, nemo tushenta, kada ka nemi abin da zai rufe ta. Idan kun san wani mai irin bakin Fulgencio, ku tura masa wannan labari.