Igiyoyin Bushiya da Waken Zomo

Ga ta nan, ga ta nanku, yarana.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Tsohuwar Bushiya ce ke ajiye wa dabbobi irin shuka, a tukwane masu kama ɗaya, ta liƙe bakinsu da laka. Duk wanda ya kawo ajiya sai ya tsigo gashinsa guda. Ta ƙulla gashin a bakin igiya, ɗaya bakin a wuyan tukunyarsa, ta rataye a ƙofar rami. Aikin da cin lokaci, ga hannun tsufa.

Zomo ya kawo wakensa, ya tarar da layi.

Ya ce, "Iya, wannan ƙulle-ƙullen sai yaushe? Jefa mini a ko'ina."

Ta ce, "Ɗan nan, ranar nema fa?"

"Ai kina da ido."

Abin bai kwanta mata ba, amma ta tura tukunyarsa cikin na masu gaggawa irinsa, sun kai arba'in.

Ruwan shuka ya sauka, danshinsa na yini ɗaya ne. Zabuwa ta zo, Bushiya ta ga gashinta, ta bi igiya, sai ga tukunya. Gafiya ma haka.

Zomo ya ce, "Iya, yi sauri!"

Ta dinga fasa laka ɗaya bayan ɗaya: gero, riɗi, kuɓewa. Ba a ga waken ba sai bayan la'asar, ƙasa ta riga ta bushe.

Ta miƙa masa a hankali, ta ce, "Jiran da ka ƙi ranar ajiya bai tafi ba, ɗana. Nan ya zauna yana jiran ka."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa tukunya.