A Sunan Wa Za A Rubuta Cekin?

Akwai wata mata a garin Toledo na jihar Ohio, sunanta Darlene Pruitt. Shekara ashirin da shida ta yi tana ɗinkin kujerun mota a wata masana'anta, har ta zama shugabar sashensu. Mace ce mai kirki da hannun kyauta, sai dai tana da hali guda: ko za a yanka ta, ba ta iya buɗe baki ta ce "ban gane ba". Ita aka saba tambaya, ba ita ke tambaya ba.

Tana da shekara hamsin da uku aka rufe masana'antar. Mijinta Lowell kuwa shekara biyu ke nan da rasuwa. Da ƙyar ta samu aiki a kicin ɗin wani asibiti, kuma duk abin da ta dogara da shi don tsufanta shi ne kuɗin ritayar da aka riƙa cira daga albashinta, dala dubu casa'in, suna can a asusun tsohon wurin aiki.

Aka ce mata ta dawo da su asusun sabon wurin. Ta ɗauki waya ta kira masu kula da tsohon asusun.

Wani saurayi ne ya amsa, mai magana kamar ana korarsa. Ya ce, "Madam, a sunan wa za mu rubuta cekin? Sunanki, ko sunan sabon asusun?" Daga nan ya karanto mata wani dogon bayani a kan haraji, wanda ko kalma uku ba ta tsinta ba. Ya ce, "Kin gane?"

Darlene ta ce, "Kai ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake tara kuɗin nan. Sunan wa za ka rubuta in ba nawa ba?"

Ceki ya iso, amma dala dubu saba'in da biyu ne a rubuce. Ta yi niyyar sake kira, sai ta tuna yadda ta yi wa yaron, kunya ta hana ta. Ta ce wa ranta wataƙila haka ake yi. Ta sa cekin a cikin Littafi Mai Tsarki, ta ce in ta samu sarari za ta kai. Gaskiyar magana kuma, tana jin daɗin buɗewa ta kalla, don tunda take ba ta taɓa ganin sunanta kusa da irin wannan adadi ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya.

Wata Litinin, lokacin hutun cin abinci, ta zauna kusa da Mista Wendell, wani dattijo mai wanke tukwane a kicin ɗin. Ta tsokane shi ta ce, "Mista Wendell, me kake nema a nan da shekara saba'in da ɗaya? Sa'o'inka suna can Florida suna shan hantsi."

Ya yi dariya ya ce, "Ceki ne ya ɗaure ni a jikin tukunya, 'yar nan. Da na bar tsohon aikina na ce a rubuta a sunana. Na ajiye shi wata uku ina kallo kamar hoton jika."

Darlene ta ajiye cokali. Ta ce, "To, sai me ya faru?"

"Sai me? In an rubuta da sunan sabon asusu, kuɗi hannu da hannu suke wucewa, babu mai taɓa su. In da sunanki ne, gwamnati ta ɗauka cirewa kika yi. Ta riƙe kashi ɗaya cikin biyar, ta ba ki kwana sittin ki mayar. Kika wuce, sai haraji ya hau kan kuɗin gaba ɗaya, ga tara a kai saboda shekarunki ba su kai ba. Ni kusan kashi ɗaya cikin uku na rasa." Ya dube ta da kyau. "Lafiya kika yi fari haka?"

Ta ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur. Kwana hamsin da shida.

Da ta gaya masa, Wendell bai yi mata dariya ba, bai kuma ce ai ga irinta nan ba. Ya cire safar hannunsa ya raka ta ofishin ma'aikata, wurin wata mata da ake kira Miss Odessa. A nan Darlene ta faɗi abin da ya fi mata ɗaukar dutse nauyi. Ta ce, "Ban gane ba. Ki yi mini bayani kamar 'yar aji ɗaya."

Miss Odessa ta jawo kujera kusa da ita ta ce, "'Yar uwa, ran Juma'a wa'adinki zai cika. Kuma ba cekin kaɗai za ki kawo ba. Dubu goma sha takwas ɗin da aka riƙe, sai kin cika su daga aljihunki, in ya so a mayar miki lokacin haraji. Duk abin da kika kasa cikawa, a kansa za a ci ki haraji da tara."

Ina Darlene za ta ga dubu goma sha takwas a kwana huɗu?

Abu guda ne mai daraja a gidan: jirgin kamun kifin Lowell, wanda ke bayan gida a rufe da tamfol. Sau uku ana tayawa tana cewa ko za ta kwana da yunwa ba za ta sayar ba. Ran Laraba ta kira mai tayin. Ta kwashe ƙugiyoyin Lowell da tsohuwar hularsa daga ciki, ta tsaya a bakin ƙofa har motar da ke jan jirgin ta sha kwana. Ta yi kuka sosai, kuma babu wanda zai ga laifinta.

Dubu goma sha ɗaya aka ba ta. Ran Juma'a da safe ta haɗa da cekin ta kai. Sauran dubu bakwai haraji da tara suka hau kansu, amma tsufanta ya tsira.

Da yammacin ranar, tsofaffin ma'aikatan masana'antar suka taru cin soyayyen kifi a zauren cocinsu. Wani mai bakin tsiya da ake kira Harlan ya hango ta daga nesa ya ɗaga murya: "Shugaba! Na ga jirgin Lowell a bayan motar wani. Ko kin ci caca ne za ki sayi sabo?"

Da a da ne, da murmushi za ta yi ta wuce. Maimakon haka sai ta buga cokali a jikin kofi, ta miƙe. Ta ba su labarin tun daga kan wayar, ba ta rage komai ba, har da abin da ta gaya wa saurayin nan.



Can sai Harlan ya zaro walat ɗinsa. Ya fito da wani ceki da ya sha ninki, ya miƙa mata. Ya ce, "Shugaba, duba mini. Yau kwana nawa ke nan?"

Darlene ta sa tabarau ta duba kwanan watan. Ta ce, "Hamsin da ɗaya. Litinin ƙarfe takwas ka shirya, ni zan zo in ɗauke ka mu je mu kai shi."

Darasi: Matambayi ba ya ɓata. "Ban gane ba" ba ta rage wa kowa girma, amma ƙin faɗarta na iya cinye gumin shekaru. In kuwa ka riga ka faɗa rami, kada kunya ta hana ka nuna wa na bayanka inda yake. Ku tura wa duk wanda kuka san ya canza wurin aiki, wataƙila shi ma kwanakinsa ake ƙirgawa bai sani ba.