Reshen da Mai Kaji Ya Sare

Akwai wani mutum da ke kiwon kaji a bayan gidansa, kajin ƙwai, irin waɗanda ake yi wa hidima kamar jarirai. Da su yake ci, da su yake sha, da su 'ya'yansa ke zuwa makaranta. Aikin tuƙi ya bari ya kama kiwo, kuma ya iya abinsa, wannan kam ba mai ƙwace masa.

Aibinsa ɗaya ne, gardama. In ka ce masa rana ta fito, sai ya leƙa tukuna, sannan ya dawo ya ce maka ai ba ta gama fitowa ba.

Katanga ce kawai ta raba gidansa da na wata tsohuwar ungozoma, wadda duk unguwa ke kira Inna. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa gaba ɗaya. Tun da ta ajiye aiki ta koma shuke-shuke, ko ruwan wanke-wanke ba ya zuba a banza a gidanta, sai a gindin wani dashe. A jikin katangar nan akwai wani ƙaton mangwaro nata, rassansa sun tsallaka sun lulluɓe rufin ɗakin kajin ta ɓangaren yamma.

Mangwaron nan ya tsone wa mai kaji ido. Ganye na cika masa rufi, 'ya'yan na faɗowa kan kwano kaji su firgita, ga tsuntsaye na taruwa a kai, shi kuwa yana tsoron su kawo masa cuta.

Wata safiya ya zagaya ya tarar da ita tana ban ruwa.

"Inna, ina kwana? Na zo ne kan maganar bishiyar nan. Rassan da suka shigo mini zan sa a sare."

"Lafiya lau, ɗan nan. Haƙƙinka ne, ba zan hana ka ba. Amma da za ka ji tawa, da ka bari zafi ya wuce. Ba ka lura da zafin shekarun nan ba? Da, in la'asar ta yi sai iska ta sauko. Yanzu har magariba bango na huci."

Mai kaji ya kwashe da dariya.

"Haba Inna! Ke ma kin shiga sahun masu cewa duniya na ɗumama? Zafi ai tun kakannin kakanni ake yinsa. Masu surutu a rediyo ne suka rasa abin faɗa."

"Ni ba a rediyo kaɗai na ji ba, fatata ma ta gaya mini," in ji ta. "Masana sun auna, sun ce hayaƙin motoci da na masana'antu da sare dazuzzuka ne ke ƙara zafin. Ni kuma na tsufa ina kallon damina tana sauya hali. Maganarsu da abin da idona ya gani sun zo ɗaya."

"To ko gaskiya ne, bishiyarki ce za ta sanyaya duniya? Allah ke kawo zafi, Shi ke kawo sanyi."

"Haka ne. Cuta ma Allah ke kawowa, amma ban ga ka fasa yi wa kajinka rigakafi ba."

Maganar ta shige shi, sai dai mai gardama gara ya mutu da ya ce an fi shi gaskiya. Ya yi dariyar yaƙe, ya ce a gaida gida, ya fice.

Matarsa ma ta gwada sa'arta.

"Baban yara, ka bar rassan nan. Ni ke shiga ɗaukar ƙwai da la'asar, na san inda kajin ke taruwa. Duk ƙarƙashin inuwar nan suke kwanciya."

"Ke ma Inna ta ɗora miki karatu ke nan. Ga fankoki na saka musu, me zan yi da ganye?"

Kafin mako ya zagayo ya kira masu sara. Kafin azahar duk reshen da ya tsallako katanga ya kwanta a ƙasa. Ya tara ganyen ya haɗa da ledoji da tsofaffin buhuna ya cinna wuta, hayaƙin ya turnuƙe ya cika wa tsohuwar gida. Tana tari tana tattara shanyarta, ba ta ce masa komai ba sai "Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ɗakin kaji ya fito fes, rufi na ƙyalli. Mai kaji ya je shagon abincin kaji yana ba da labari, wai ya raba kansa da ƙazanta.

Sai zafin shekarar ya zo tun kafin lokacinsa, kuma ya zo da ƙarfinsa.

Tun daga azahar rana ke zama a kan kwanon nan, ba abin da ya tare ta, har ta faɗi. Kaji suka rage cin abinci. Ƙwai ya ragu, wanda ake samu ma ɓawonsa ya yi laushi, kana taɓawa ya fashe. Mai kaji ya ce abincin ne ba kyau, ya je ya yi wa mai shago tas. Ya canza abinci, abin bai canza ba. 

Ran nan da tsakar rana, ana cikin wani irin zafi da ko kare bai yarda ya fito ba, aka ɗauke wuta. Fankoki suka tsaya cak.

Mai kaji na kishingiɗe a zaure ya ji matarsa ta ƙwala masa kira, irin kiran da ba a tambayar dalili. Ya ruga. Yana buɗe ƙofar ɗakin kajin wani huci ya buge shi kamar ya leƙa tanderu.

Kajin sun buɗe baki suna haki, sun saki fukafukai. Ya tsoma hannu a mazubin ruwansu, ya ji kamar na wanka. A jikin bangon yamma wasu sun riga sun miƙe ƙafafu. Yana tsaye yana kallo wata ta yi taga-taga ta faɗi, ta kusa da ita ma ta bi ta.

Nan ido ya raina fata. Tsoro ya kama shi, tsoron gaske, don abin da ke faɗuwa a gabansa abincin gidansa ne. Ya buɗe tagogi, iskar da ta shigo ta fi ta ciki zafi. Ya duba tsakar gidansa, siminti ne tas, ba inuwar da za ta ɓoye ko kaza ɗaya.

Matarsa ba ta tsaya neman izini ba. Ta taka bokiti ta leƙa ta kan katanga.

"Inna! Inna, kaji suna mutuwa!"

"To me kuke jira? Ku kawo su nan! Ƙofa a buɗe take."

Mai kaji ya tsaya turus. Kunya ta rufe shi, ya rasa da wane ido zai shiga gidan matar da ya cika wa ɗaki da hayaƙi. Muryarta ta sake tsallako katangar.

"Ɗan nan, kunyar ka ajiye ta sai an jima. Ɗebo su!"

Suka shiga kwasa, da kwando, da baro, da hannu. Maƙwabta suka ji hayaniya suka fito, tela ya bar kekensa, mai shagon bakin layi ya rufe ƙofa ya zo. Ana shiga gidan Inna sai ka ji kamar an canza gari. Rabin mangwaron da ya rage da sauran itatuwanta sun rufe tsakar gidan, ƙasa na da danshi. Ta sa aka jiƙa buhuna aka rataya, aka jawo ruwan rijiya mai sanyi aka zuba a farantai.

Sannu a hankali kajin suka rufe baki, suka fara sa kai a ruwa. Wata ma har ta samu ƙarfin tonon ƙasa. Inna ta dubi mai kaji, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ta nuna sama da haɓa.

"Ka yi haƙuri da tsuntsayen, ba su da wani gidan."

Mutane suka yi dariya. Shi bai iya ba.

Da rana ta yi sanyi ya koma ya kwashe waɗanda suka mutu. Sun kusa rabi. Ya haƙa rami ya binne su, kuma a bakin ramin nan ƙato ya zauna ya yi hawaye. Abin da ya fi cin ransa shi ne, da kuɗinsa da bakinsa ya kira masu saran.

Washegari da safe ya je ya durƙusa a gabanta.

"Inna, na yi miki laifi. Ki yafe mini."

"Na yafe tun ranar. Ai ni na fara jin kukan 'ya'yanka a duniya, ba zan so in ji suna kukan yunwa ba. Tashi."

Bai tashi ba. Ya ɗaga kai ya dubi kututturan rassan da ya sare.

"Yaushe za su dawo?"

"Za su tofo, amma da sauran shekaru kafin su rufe maka rufi, kajinka kuwa ba za su jira ba. Ka shafa wa kwanon farin fenti, ka shimfiɗa masa ciyawa a kai. Ka daina ƙona leda. Sannan ka fasa simintin nan ta yamma ka dasa naka."

Ta shiga bayan ɗaki ta fito da dashe a gwangwanaye, kowanne bai wuce tsawon hannu ba. Mai kaji ya dube su, ya dubi ƙaton mangwaron.

"Wannan ya kai shekara nawa?"

"Ina goyon babbar 'yata na dasa shi. Yanzu ita ke aurar da nata 'ya'yan."

"To Inna, in na dasa yau, wa zai sha inuwar?"

"Ni ma da na dasa, ban san kajinka nake dasa wa ba."

Mai kaji ya miƙe. Ya rungumi gwangwanayen ya nufi gida, yana kiran matarsa ta miƙo masa diga.

Darasi: Ɗumamar duniya gaskiya ce, kuma ba ta jiran sai ka yarda kafin ta shigo gidanka. Ba kai kaɗai za ka gyara duniya ba, amma kana iya dasa bishiya, ka kiyaye wadda ka tarar, ka daina ƙona leda, ka daina ɓarnar ruwa da wuta. Rigakafi ya fi magani, kuma wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman mai gardamar gidanku, ko Allah zai sa ya ajiye gatari.